Tasha ta 19: Tashe da Lafawar Rediyon Direbobin Amurka

A farkon watan Disamba na 1973, da daddare, wani direban tirela mai suna J.W. Edwards, mutumin jihar Kansas, ya tsayar da motarsa a kan babbar hanyar I-80 cikin jihar Pennsylvania, ya ce mai ya ƙare masa. Sai ya miƙa hannu ya ciro abin maganar rediyon CB da ke rataye a gabansa, ya shaida wa duk direban da ke jin sa abin da ya yi da dalilin yin sa. A rediyo ba a san shi da Edwards ba, laƙabinsa Ɓeran Kogi. Na bayansa suka tsaya, na bayansu ma suka tsaya, kafin gari ya waye tireloli ɗaruruwa sun toshe hanya. Cikin 'yan kwanaki aka yi irin wannan toshiya a Ohio da wasu jihohin. Babu ƙungiyar ƙwadagon da ta kira boren, babu takardar sanarwa. Daga mota zuwa mota maganar ta yi ta tafiya a iska.

Ni direban tirela ne, haifaffen Kano, mazaunin birnin Columbus na jihar Ohio, kuma I-80 na cikin hanyoyin da nake cin abinci a kansu. Labarin Edwards a bakin tsofaffin direbobi na fara jin sa, irin waɗanda har gobe ba sa tayar da mota sai sun kunna CB sun murɗa shi zuwa tasha ta 19. Matasan da ke shigowa sana'ar yanzu, da yawansu ba su taɓa riƙe abin maganarsa ba. Masu ƙananan motoci kuwa, da suka taɓa yin rububin sayen sa, jikokinsu sai dai su gan shi a tsohon fim.

Mai ne ya fusata Edwards da 'yan uwansa. A Oktoban 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya, Amurka ta aika wa Isra'ila makamai, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar mata. Gangar ɗanyen mai da ke wajen dala 3 ta doshi dala 12 cikin 'yan watanni. Mu a Najeriya wannan tashin farashi kakarmu ce ta yanke saƙa: da kuɗin ne gwamnatin Gowon ta yi ƙarin albashin Udoji, kuma a cikin wannan yalwa kawuna ya bar karen mota ya samu tasa gingimarin yana jigila tsakanin Kano da Legas. A Amurka kuwa dogon layi ne a gidajen mai. Wani gidan ya zuba wa direba 'yan galan kaɗan ya ce ya ƙara gaba, wani ya rataya allon babu. Ana cikin haka Shugaba Nixon ya zo da maganar rage gudu don tsimin mai. Tun a Nuwamba ya roƙi jihohi su rage, ranar 2 ga Janairun 1974 kuma ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a faɗin ƙasar a kan mil 55 a awa, kusan kilomita 89 ke nan. Ga mai ƙaramar mota takura ce kawai. Amma direban da motar tasa ce, bashin banki na wuyansa, kuma gwargwadon nisan da ya ci ake biyan sa, abincinsa aka taɓa. Daga ƙarshen Janairu zuwa cikin Fabrairun 1974 direbobi masu zaman kansu suka yi yajin aiki mai muni, aka yi harbe-harbe, aka riƙa jifan motocin da suka ƙi tsayawa daga saman gadoji, har wasu gwamnoni suka fito da dakarun jihohinsu. Gwamnan Pennsylvania, Milton Shapp, shi ya shiga tsakani. A labaran talabijin na waɗannan makonni ne Amurkawa da yawa suka fara ganin direba riƙe da abin magana yana kiran mutanen da bai taɓa gani ba, su kuma suna amsa masa.

Alhali na'urar ta daɗe. Tun a 1945 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta ware wani zango domin talaka ya yi magana da rediyo ba tare da ya zama injiniya ba. Wani mutumin Cleveland, Al Gross, wanda ya ƙera wa hukumar leƙen asirin Amurka ƙananan oba-oba a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kafa kamfani yana yin na farar hula. Sai dai zangon da aka ba su, wajen megahaz 460, ya fi ƙarfin fasahar zamanin: yin na'urar da za ta yi aiki sosai a can da tsada, mai arhar kuma ba ta zuwa nesa. Abin bai kankama ba sai a Satumban 1958, da FCC ta karɓe wani yanki na zangon mita 11, wato megahaz 27, daga hannun masu wasan rediyo na sha'awa, ta yanka shi tashoshi 23 ta ba jama'a. Su masu wasan sha'awar sai sun ci jarrabawa ake ba su lasisi, shi ya sa har yau wasunsu ke kallon 'yan CB a raine. A CB babu jarrabawa. A lokacin ka cike fom, a ba ka lambar kira, shi ke nan.

Akwati ne ɗan madaidaici da ake ɗaurewa a ƙarƙashin dashbod ko a saman gilashi, da abin magana mai igiya murɗaɗɗiya. Ka danna maɓallin gefensa ka yi magana, ka saki ka saurara. Mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Idan biyu suka danna tare sai a ji ƙara mai kashe kunne, ko kuma mai ƙarfin ya danne mai raunin. Doka ta tsayar da ƙarfinsa a wat 4, abin da bai kai na ƙaramin ƙwan lantarki ba, don haka tsakanin mota da mota da wuya ya wuce kilomita 5 zuwa 10, idan akwai duwatsu ma bai kai haka ba. Babu lamba da za ka buga, babu kamfani a tsakani, babu kuɗin kira. Duk wanda ke kusa da kai kuma yana kan tashar da kake zai ji ka, ko ka so ko ka ƙi. Tasha ta 19 teburin mai shayin tashar mota ce: kowa ya zauna zai ji hirar kowa, mai labarin hanya da mai ƙarya da mai neman faɗa duk benci ɗaya.

Shekarun farko masu gyaran famfo ne da manoma da ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da shi, maigida a shago yana kiran yaronsa a mota. Dokoki ma sun yi tsauri: ka faɗi lambar kiranka, kada hira ta wuce minti 5, kada a mai da shi wurin zance. A 1962 aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta REACT a Chicago, mutanen da ke zama a gidajensu da rediyo a kunne suna jiran kiran wanda motarsa ta lalace ko ya ga haɗari, su kuma su buga wa 'yan sanda ko asibiti waya. Daga baya FCC ta keɓe tasha ta 9 domin kiran gaggawa kaɗai. A zamanin da mutum zai yi tafiyar kilomita da yawa a ƙasa kafin ya samu wayar tarho, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a ganina shi ne mafi daraja a duk tarihin CB, ko da yake ba shi ya sa ya yi suna ba.

Abin da ya sa ya yi suna kauce wa ɗan sanda ne. Da dokar mil 55 ta zauna, direbobi suka mai da rediyo idonsu na gaba. Mai zuwa daga gabas ya gaya wa mai zuwa daga yamma inda ya baro ɗan sanda a laɓe da na'urar auna gudu, wane gidan mai ke da dizal, ko sikelin awon motoci na buɗe. Suka riƙa tafiya a ayari, na gaba na lura da gaba, na baya na lura da baya, na tsakiya suna ta zuba gudu hankali kwance. Da yake abin da ake yi taka doka ne, ba wanda ke faɗin lambar kiransa. Kowa ya raɗa wa kansa laƙabi. Suka kuma ƙirƙiro zaurancensu: ɗan sandan hanya shi ne Smokey, saboda malafarsa irin ta beyar ɗin zane mai wannan suna da ke gargaɗi kan gobarar daji, wurin sikeli shi ne akurkin kaji, 10-4 kuwa, wadda suka aro daga lambobin 'yan sanda, ita ce na ji na gane. Da farko direbobi da yawa a tasha ta 10 suke taruwa, amma hayaniyarsu na malalawa cikin ta 9 ta masu gaggawa, sai aka koma 19.

Daga nan abin ya fita daga hannun direbobi ya zama yayi. A 1975 wani ma'aikacin kamfanin talla a Omaha, Bill Fries, ya fito da waƙa mai suna Convoy da sunan C.W. McCall, labarin ayarin tireloli da suka bijire wa 'yan sanda, kuma a Janairun 1976 ta hau saman jerin waƙoƙin Amurka. A 1977 fim ɗin Smokey and the Bandit na Burt Reynolds ya zo na biyu a kawo kuɗi a shekarar, Star Wars kaɗai ya fi shi. Uwargidan Shugaba Ford, Betty, ta riƙa magana a CB da laƙabin First Mama lokacin yaƙin neman zaɓen 1976. FCC ta rage kuɗin lasisi daga dala 20 zuwa dala 4 a 1975, ofishinta na Gettysburg ya riƙa karɓar takardun neman lasisi dubu ɗaruruwa a wata, waɗanda ba su damu da nema ba kuwa Allah kaɗai ya san yawansu. General Motors ta fara sayar da Cadillac da Corvette da CB a jikinsu tun daga masana'anta. Likita da akawu da matar aure, kowa ya samu laƙabi yana kwaikwayon maganar direbobin kudu.

Dattijon da ya koya mini tuƙin tirela, Bature ɗan Kentucky, ya ga wannan zamani da idonsa, kuma ba ya tuna shi da daɗi. Ya ce mini: "Yaro, da rediyon namu ne, ka yi tambaya a ba ka amsa. Da waƙar nan ta fito, sai ka nemi labarin hanya ka ji yaro ɗan makaranta yana tambayar ka ƙarfe nawa." Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tashoshi 23 suka cika suka batse. A tsakiyar 1976 FCC ta sanar da cewa daga 1 ga Janairun 1977 za su koma 40, sanarwar da ta karya kasuwa: mutane suka daina sayen masu 23, shaguna suka yi gwanjon su, ga kayan Japan masu arha sun cika ko'ina. Kamfanonin Amurka da dama suka durƙushe, har sai da Shugaba Carter ya ƙara harajin shigo da CB a 1978. Lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mutane kan ce wayar salula ce ta kashe CB. Ni ban yarda ba, domin lissafin shekarun bai ba da haka ba. Wayar hannu ta farko da Motorola ta fitar a 1983 kusan dala 4,000 take, kuma sai cikin shekarun 1990 waya ta shiga aljihun talaka. Yayin CB kuwa tun wajen 1980 ya mutu. Hayaniya ce ta kashe shi, kuma ta fuska biyu ta zo. Ta farko ta mutane ce. Da cunkoso ya yi yawa, wanda ke son a ji shi sai ya sayo na'urar ƙara ƙarfi ta haram, wat 4 ya koma ɗaruruwa, maƙwabcinsa ma ya sayo wadda ta fi ta. Muryoyinsu suka riƙa fitowa a talabijin ɗin maƙwabta da lasifikar coci. Ta biyun daga sama ta zo. Duk bayan kimanin shekara 11 rana kan yi wani tashin hankali, tabon fuskarta su yawaita, abin da take fesowa ya ƙara wa wani ɓangare na sararin samaniya caji. A irin wannan lokaci igiyar megahaz 27, maimakon ta wuce sama ta ɓace, sai ta dawo ƙasa a nisan kilomita dubu ko fiye. Ƙololuwar wannan ta zo a ƙarshen 1979, daidai lokacin da rediyoyi suka fi yawa. Sai ya zama kana Ohio kana jin mutumin Texas raɗau, amma ba ka jin motar da ke gabanka. Wanda ya sayi abu don nishaɗi ba zai jure wannan ba. Aka kwance su aka jefa a gareji. A 1983 FCC ta sallama, ta soke neman lasisi gaba ɗaya, tunda dama ba ta da ma'aikatan da za su bi miliyoyin mutane.

Wannan tsalle na igiya ya haifar da nasa masoyan. Tasha ta 6, wadda ake kira Super Bowl, ta shahara da gasar ƙarfi da iya magana, kuma baƙaƙen fatan Amurka ne suka fi riƙe ta, suna kiran juna daga birni zuwa birni da salon da ba ya kama da na direbobin 19. Akwai dalilin da ya sa suka nemi wurin kansu, ni ma na ɗanɗana shi. Inda ba a ganin fuska, murya ce shaidar mutum. Na sha danna maɓalli in tambayi abin da ya tsayar da hanya, maimakon amsa wani ya kwaikwayi harshena ya ce in koma ƙasarmu. Wani lokacin kuma kafin ya rufe baki wani direban ya tsawatar masa ya ba ni amsar. Duka biyun a rediyo ɗaya suke. Amma abokan aikina 'yan Somaliya da 'yan Punjab da 'yan Ghana da yawa wannan ne ya sa suka kashe nasu, suka koma hira da 'yan uwansu a waya da zaurukan WhatsApp. Ba na ganin laifinsu. Wani abin dariya, a nan Columbus ɗinmu ne kamfanin CompuServe ya buɗe dandalin hira ta kwamfuta a 1980, ya sa masa suna CB Simulator, da tashoshi da laƙabobi. Ɗabi'ar zagin wanda ba ka gani, da ake ɗora wa intanet, ta girmi intanet ɗin.

Yayin ya ƙetara teku. A Birtaniya matasa suka yi ta fasa-ƙwaurin rediyoyin Amurka suna zanga-zangar a halatta musu, gwamnati ta halatta ranar 2 ga Nuwamban 1981, amma a kan tsarin FM da bai dace da na'urorin da suka riga suka saya ba, kuma ba a daɗe ba zumuɗin ya kwanta. Inda ya zauna da gindinsa su ne ƙasashen da ke da doguwar hanya da ƙarancin mutane, ko kuma 'yan sanda masu laɓewa. A Ostireliya, da ta halatta shi a 1977, nasu na zangon megahaz 477 ne ya fi karɓuwa, tasha ta 40 ce ta hanya, kuma mai shiga ƙungurmin dajin ƙasar da ƙaramar mota yakan yi magana da direban doguwar tirela kafin ya wuce shi. A Poland an yi zamanin da eriyar CB ta cika rufin ƙananan motoci. Direbobin Rasha tasha ta 15 suke haɗuwa.

Mu kuwa bai taɓa zama namu ba. A garinmu oba-oba ta 'yan sanda ce da sojoji da manyan kamfanoni. Wata rana a waya na yi wa kawuna bayanin tasha ta 19, ya saurara har na gama, sannan ya ce: "To ɗan nan, mu ai da fitila muke wannan maganar. Na gaba ya ƙyafta maka sau biyu ya nuna ƙasa da hannu, ka san akwai mutane a gaba. In ya juya hannu ya ce ka koma, kada ka tsaya tambaya." Na ce: "Kawu, amma fitila ba ta faɗin ko 'yan sanda ne ko 'yan fashi." Ya ce: "Hannu na faɗa, in ka san hannun." Daga fitila da hannu direbobinmu suka tsallaka kai tsaye zuwa GSM a 2001. Da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021, wani abokina ya tambaye ni ko in aiko masa da irin rediyona. Na ce masa ya rufa wa kansa asiri. Nisan da yake ci kaɗan ne, ba wanda zai amsa masa a ɗaya ɓangaren, kuma wanda aka kama da oba-oba a irin wannan yanayi tambayoyin da zai sha sun fi amfanin da zai samu.

Abin da waya ta ƙwace daga CB daga baya, ta ƙwace shi da gaske. Kiran gaggawa ya koma lambar waya ta 911, tasha ta 9 yanzu a yawancin wurare kango ce. Labarin inda ɗan sanda ya laɓe ya koma manhajar Waze, wadda Google ta saya a 2013, har ta fi rediyo domin rahoton na zama a taswira bayan mai bayar da shi ya yi nisa. Kewar dare da ke sa direba hira da baƙo, yanzu da matarsa yake yin ta a abin saƙalawa a kunne. Dokar mil 55 ɗin ma an soke ta a 1995, kuma motocin manyan kamfanoni an ɗaure musu inji a kan wani gudu, ga na'urar da ke rubuta awannin tuƙi da aka wajabta daga Disamban 2017. Wanda motarsa ba ta iya wuce mil 65 ba shi da abin ɓoyewa. Kana iya tafiyar awa guda a babbar hanyar I-70 rediyo na kunne ba ka ji komai ba sai shuuu.

Duk da haka nawa a kunne yake, ga dalili. Wani hunturu ina kan I-80 a Wyoming, na wuce Arlington na doshi Elk Mountain, wurin da iska ke kwasar dusar ƙanƙara daga fili tana shimfiɗa ta a kan kwalta. Sama garau take, amma ƙasa fari fat, fitilun bayan motar da ke gabana suna ɓacewa suna dawowa. Ina ɗauke da kaya kusan iyakar abin da doka ta yarda, fam 80,000, wajen tan 36 ke nan, nauyin da ko a busasshiyar kwalta sai ya ci fiye da mita 150 kafin ya tsaya. Taswirar wayata kore shar take nunawa, alamar hanya a buɗe take. Sai wata murya ta faso, ta wani mai zuwa gabas a ɗaya hannun: "Masu zuwa yamma, ku sauka daga gudu, ku sauka yanzu. An yi karo a bayan tudun nan, layukanku biyu duk a toshe." Ya maimaita, wani ya karɓa ya ƙara faɗa. Na ɗage ƙafa daga totur, na kunna fitilun haɗari, na riƙa taɓa birki a hankali don kada tirelar ta naɗe. Na bayana ya ga fitiluna ya yi haka shi ma. Da muka hau tudun da rarrafe, ga su nan: tireloli sun gicciye, wata ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin ɗaya. Sai da muka daɗe a tsaye sannan taswirar ta yi ja. Mutumin da ya yi kiran ban san sunansa ba, ba ni da lambarsa, kuma ko da ina da ita babu lokacin bugawa. Wannan gurbi ne waya ba ta cike ba har yau: magana nan take da baƙon da ke kusa da kai, wanda ya ga abin da kai ba ka kai ga gani ba.

Akwai kuma aikin yau da kullum da ba shi da ban tsoro. A wuraren fasa dutse da rumbunan hatsi da wasu manyan ɗakunan ajiya, allo ne a bakin ƙofa ɗauke da lambar tashar da za ka kira mai sikeli ko mai lodi. Masu rakiyar kaya masu faɗi da CB suke magana da direban da suke rakiya. A hanyoyin dakon katako na Oregon da Washington, masu lanƙwasa da ƙunci, direba na faɗin alamar mil ɗin da ya kai don kada a yi gaba da gaba. Doka ma ta bar masa ƙofa: tun Janairun 2012 an hana direban babbar mota riƙe waya a hannu yana tuƙi, amma hanin bai shafi CB ba. FCC ba ta yar da shi ba ita ma. A 2017 ta cire tsohuwar dokar da ta hana magana da wanda ya wuce nisan kilomita 250, a 2021 kuma ta yarda a yi amfani da FM, mai sauti garau.

Mai ƙaramar mota fa? Yawancinsu ba na ba su shawarar saye. Rediyon kansa ba tsada, akwai na ƙasa da dala 100. Matsalar eriya ce. Igiyar mita 11 doguwar eriya take so, cikakkiyarta bulala ce mai inci 102, fiye da mita biyu da rabi, wadda ba ta shiga gareji. Gajerun da ake mannawa a rufi da maganaɗisu suna aiki, amma da rangwamen nisa, kuma sai an daidaita tsawonsu da na'urar awo, in ba haka ba ƙarfin ya riƙa komowa cikin rediyon har ya ƙona shi. Suna kuma buƙatar faffaɗan rufin ƙarfe a ƙarƙashinsu. Motocin yanzu wasu rufin gilashi ne, Ford F-150 kuwa tun 2015 jikinta alminiyom ne, maganaɗisu ba ya kama shi. Na hannu da mutum zai riƙe a cikin mota kusan asarar kuɗi ne, domin jikin motar na tare igiyar. Wanda zirga-zirgarsa a cikin gari take zai sha wannan wahala ya kunna ya ji shiru, ko ya ji wani mai wat dubu daga wata jiha yana yabon kansa, musamman a 'yan shekarun nan da rana ta sake hawa ƙololuwarta. Hujjar shiga daji babu sabis ma ta yi rauni tun da iPhone 14 ta zo a 2022 da kiran gaggawa ta tauraron ɗan adam.

Wanda nake cewa ya saya shi ne mai yawan doguwar tafiya a manyan hanyoyi cikin tireloli, musamman da hunturu, ko mai jan gidan tafi-da-gidanka a baya. Shi ma kunne zai saya ba baki ba: ya bar shi a 19, ya murɗa maɓallin tace hayaniya har shuuu ɗin ya ɗauke, ya yi shiru yana sauraron abin da manyan motoci ke faɗa. Idan kuwa buƙatar ita ce motoci uku ko huɗu na 'yan uwa ko abokai su riƙa magana a tafiya, an riga an bar CB a baya. Masu hawan duwatsu da jif, da suka daɗe suna riƙe da shi, suna ta komawa wani tsarin rediyo mai suna GMRS: lasisinsa dala 35 ne na shekara 10, babu jarrabawa, ya ishi iyali duka, ana yarda da ƙarfi har wat 50, eriyarsa kuma ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Zangonsa wajen megahaz 462 ne, wato unguwar da aka fara ba Al Gross a shekarun 1940 aka tashi saboda tsada. Sai dai direbobin tirela ba su ƙaura can ba, don haka wanda ya sayi GMRS zai ji 'yan ayarinsa sarai, amma ba zai ji mai zuwa daga ɗaya hannun yana cewa a taka birki ba.